Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Zuwa ga Ministan Harkokin Teku: A Fara Auna Tekun Kafin a Yi Alkawarin Hasashensa

Zuwa ga Mai girma Ministan Harkokin Teku da Tattalin Arzikin Ruwa, tare da shugabannin hukumar hasashen yanayi ta NiMet, da hukumar lura da koguna ta NIHSA, da cibiyar binciken teku ta NIOMR, da sashen safiyon ruwa na Rundunar Sojin Ruwa, da hukumar agajin gaggawa ta NEMA.

Ranku ya daɗe. Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri.

Mu da muka rubuto wannan takarda, sana'armu ita ce awon teku da safiyo da lissafin ambaliya, kuma buƙata ɗaya ce ta kawo mu. Kafin a sake ware kuɗi don wata babbar kwamfuta ko wani ɗakin sa ido mai manyan allunan bango, muna roƙon a kafa ma'aunai a bakin teku da cikinsa, a tanadi kuɗin kula da su na shekaru, a kuma saki abin da suka auno ga kowa. Gaɓar tekun Najeriya ta kai kusan kilomita 853, daga iyakar Jamhuriyar Benin zuwa iyakar Kamaru. Amma duk wanda ya leƙa rumbun adana awon tsayin teku na duniya da ke Libaful a Ingila, wanda ke tara bayanai tun 1933, zai tarar abin da ya fito daga gaɓarmu 'yan shekaru ne tsilli-tsilli. Maƙwabtanmu na Gana kuwa sun fara awo a Takoradi tun 1929.

Wani zai ce me ya haɗa mai karanta Hausa da teku. Kayan da ake saukewa a Apapa da Tin Can da Onne da sabuwar tashar Lekki, su ne ake jira a Kantin Kwari da Singa da Maraɗi. Kasuwar shanu ta Kara tana gefen kogin Ogun, Mile 12 ba ta da nisa da tafkin Legas, kuma direbobin tirelolin da ke kwana a layin Apapa da yawansu 'yan Arewa ne. Binciken da Bankin Duniya ya fitar a 2020 ya ƙiyasta cewa lalacewar yankin gaɓa, wato ambaliya da zaizaya da gurɓata, ta ci wa jihohin Legas da Delta da Kuros Riba dala biliyan 9.7 a shekarar 2018 kaɗai. Asara irin wannan ba ta tsayawa a inda ruwan ya tsaya.

Sai an san abin da ke cin gaɓar tukuna a san kayan da za a saya. Mu ba mu da irin mahaukaciyar guguwar da ke afka wa Bangaladash ko Mozambik, domin Mashigin Gini ya yi kusa ainun da layin da ya raba duniya biyu, a nan kuwa juyawar duniya ba ta da ƙarfin murɗa iska ta zama irin wannan guguwa. Duk wanda ya kawo muku tsarin gargaɗin da aka ɗinka wa ƙasashen guguwa, ya kawo rigar da ba ta jikinmu ba. Namu ruwan yana hawa ne in abubuwa da dama suka haɗu a dare ɗaya.

Akwai cika da janyewar teku, wanda shi ne mafi sauƙin lissafi. Teku na cika sau biyu ya janye sau biyu a cikin awa 24 da minti 50, shi ya sa lokacin cikar ke jinkirta da kusan minti 50 kowace rana. Tazarar da ke tsakanin cika da janyewa kusan mita 1 ce a Legas, tana ƙaruwa in an nausa gabas har ta kai wajen mita 3 a Kalaba. Cikar ta fi girma sau biyu a wata: kwanakin mutuwar wata da tsayuwar jinjiri, sai kuma daren 14 zuwa 16. Mai bin kwanan watan Musulunci ya riga ya riƙe rabin jadawalin haɗarin a kansa.

Sai doguwar igiyar ruwa, wadda ita ce ta fi yaudarar mutane, don takan zo rana tsaka ba hadari ba iska. Asalinta guguwowin kudancin Atilantika ne, can ƙasa da Afirka ta Kudu, nisan da ya haura kilomita 5,000, kuma ta fi ƙarfi daga Mayu zuwa Satumba lokacin da can ake hunturu. Ana gane ta da tazarar lokaci tsakanin igiya da mai bi mata. Igiyar da iskar gida ta tayar, tazararta daƙiƙa 5 zuwa 8 ce. Doguwar kuwa takan kai daƙiƙa 12 zuwa 18, kuma mai daƙiƙa 15 tsawonta daga ƙololuwa zuwa ƙololuwa ya kai mita 350. Nan ne masu karanta hasashe ke yawan tuntuɓe: suna duban tsayin igiya kaɗai. Igiyoyi biyu masu tsayi ɗaya, a ce mita ɗaya da rabi, mai daƙiƙa 16 za ta hau rairayi kusan ninki biyu na mai daƙiƙa 8. Sanarwar da ta faɗi tsayi ta yi shiru kan tazara ba ta gaya wa mai gida a Okun Ajah da ke gaɓar Legas abin da yake buƙatar ji ba. Alherin da ke cikin wannan igiya shi ne tana ba da lokaci. Mai daƙiƙa 15 tana tafiyar kusan kilomita 42 a awa, ke nan sai ta yi kwana 5 zuwa 6 a hanya. Masu daƙiƙa 20 sun fi ta sauri, suna yin kusan kilomita 56 a awa, don haka sukan riga uwar tafiyar isowa da fiye da yini guda, ƙanana, ido ba ya ganinsu, amma na'ura na kama su. Lokacin da teku ya auka wa bakin ruwan Kuramo a Legas cikin Agustan 2012 ya tafi da mutum fiye da goma, kwanakin ƙarshen azumi ne, wato daidai babbar cika, a tsakiyar watannin doguwar igiya.

Ruwan da ke zuwa ta baya, wato na koguna, shi ma yana cikin lissafin. Tafkin Legas ƙofar fitarsa zuwa teku guda ce, mashigar jiragen ruwa. In aka saki ruwa daga madatsar Oyan cikin Satumba ko Oktoba, kogin Ogun ya tumbatsa, aka yi rashin sa'a teku ya cika, ruwan ba shi da inda za shi sai Isheri da Kara da unguwannin hanyar Ikorodu, magudanun cikin gari ma su koma suna amayar da ruwa maimakon kwashewa. Haka abin yake a Bayelsa, sai dai a can Kwara da Binuwai ne ke sauka, kamar yadda aka gani a 2012 da 2022. Hasashen kogi yana hannun wata hukuma, na ruwan sama yana hannun wata, jadawalin cikar teku yana hannun ta uku, alhali mutumin da ruwa zai ci ba ruwansa da wace ce ke da wane.

A ƙarƙashin duk wannan, tekun kansa yana hawa: kusan santimita 20 daga 1901 zuwa 2018 a faɗin duniya, kuma a 'yan shekarun nan saurin ya kusa milimita 4 a shekara. Ƙasar kuma tana lotsawa a wuraren da aka cike fadama aka yi gini, ko aka yi ta zuƙe ruwan ƙasa da rijiyoyin burtsatse. A arewacin Jakarta lotsawar ta wuce santimita 10 a shekara a wasu unguwanni. In ƙasa na nutsewa fiye da yadda teku ke hawa, maganin yana cikin dokar haƙa rijiya ne fiye da katangar dutse, kuma ba a sanin wanne ne wanne sai da awo.

To, ga abin da muke nufi da tashar awon teku, don kada a kawo wani abu daban a ce shi ne.

Zuciyar tashar ita ce na'urar rada da ake rataye wa a hannun ƙarfe saman ruwa, tana harba sigina ƙasa tana ƙidaya lokacin dawowarta. An fi son ta ne saboda ba ta taɓa ruwan gishiri, don haka ba ta cika tsatsa ko toshewa ba. A sa ta auna kowace daƙiƙa, ta fitar da matsakaici kowane minti. Ƙa'idar shirin awon tsayin teku na GLOSS na hukumar UNESCO ita ce kuskure kada ya wuce santimita 1. A haɗa mata da na'urar auna nauyin ruwa a ƙarƙashi a matsayin madogara, da sandar awo mai zane a jikin bango wadda ido zai karanta a gwada da abin da na'ura ta faɗa, da ma'aunin nauyin iska, domin duk saukar milba 1 na ɗaga teku da kusan santimita 1. Wuta daga farantin sola, da batirin da zai riƙe tashar kwana 10 zuwa 14 ba rana, saboda gizagizan Yuli a Bonny ba wasa ba ne. Hanyar aika bayani biyu: layin waya da tauraron ɗan'adam, don ranar da ake tsananin buƙatar awon ita ce ranar da turken waya ke mutuwa. Ƙarfen duk ya zama wanda ba ya tsatsa samfurin 316, a kuma binne sandar kare tsawa yadda ya kamata.

Abubuwan da ke ɓata awon ƙanana ne, shi ya sa ake raina su. Kwale-kwale ya zo ya ɗaure a ƙarƙashin radar, sai ta auna rufinsa ta ce teku ya hau mita guda. Agogon na'ura ya zame da minti 5, a Kalaba inda ruwa ke hawa fiye da santimita 1 a minti lokacin tsakiyar cika, kuskuren ya zama santimita 6, don haka dole agogon ya riƙa saita kansa da GPS. Na'urar nauyin ruwa kuma tana ɗauka ruwan gishiri ne a kanta, alhali da damina bakin kogi kan koma kusan ruwan daɗi. Bambancin nauyinsu kashi 2.5 cikin 100 ne, wanda a zurfin mita 2 ya zama santimita 5. Wanda bai auna gishirin ruwan ba zai ba da rahoton cewa teku na sauka duk damina.

Mafi muni shi ne gadar da aka kafa tashar a kanta ta riƙa nutsewa a hankali. Tamkar awo ne da mudun da aka buga wa gindi: lissafin zai fita daidai a takarda, hatsin bai cika ba. Maganinsa turakun safiyo, aƙalla biyar, a kafa su a wurare masu ƙwari cikin 'yan ɗaruruwan mitoci, a riƙa gwada tsayinsu da na tashar sau ɗaya a shekara. Sai a kafa na'urar GPS ta dindindin a kusa, a haɗa ta da jerin tashoshin ofishin Babban Safiyo na Tarayya, ta riƙa faɗar ko ƙasar wurin na sauka. Tashar da ba ta da wannan za ta iya hidimar shigar jiragen ruwa, amma ba za ta amsa tambayar hawan teku ba.

Wani giɓi da ya kamata a toshe tun farko: taswirar jiragen ruwa tana ƙidaya zurfi ne daga mafi ƙanƙantar janyewar teku, taswirar ƙasa kuma tana ƙidaya tsayi daga matsakaicin tsayin teku. Sifilinsu ba ɗaya ba ne, kuma bambancin yana canzawa daga Legas zuwa Kalaba. In aka ɗora hasashen ruwa a kan taswirar unguwa ba a daidaita su ba, rabin mita ya tafi a banza, rabin mita kuwa a Lekki shi ne bambancin titi busasshe da ruwa a falo. A wallafa wannan bambanci na kowace tasha, kowa ya yi aiki da lamba ɗaya.

Tasha goma ta isa a fara: Badagiri, mashigar tashar Legas, Lekki, Ayetoro, Escravos, Forcados, Brass, Bonny, Ibeno da Kalaba, sai wasu ƙanana a cikin tafkin Legas. Ta Ayetoro ce za ta fi ba da wuya, don gaɓar Ilaje ta jihar Ondo, inda garin yake, laka ce, sai an buga turaku masu zurfi. Amma garin da aka kafa a 1947 teku ya riga ya cinye masa yanki mai yawa, ba shi ne za a tsallake don wuyar aiki ba. A kuma yi haƙuri da lokaci. Awon wata guda yana ba da jadawalin cika na wucin gadi, na shekara guda yana ba da mai kyau, amma kafa matsakaicin tsayin teku na buƙatar shekara 19, saboda wani zagayen wata da ke ɗaukar shekara 18.6. Duk shekarar da tasha ta yi a mace, ba a sayo ta da kuɗi daga baya.

A cikin teku kuma ana buƙatar gorunan awo, wato na'urorin da ke shawagi a kan ruwa suna bin hawa da saukar igiya, su faɗi tsayinta da tazararta da inda ta fito. Akwai manya irin Waverider na ƙasar Holan, akwai ƙanana irin Spotter da mutum ɗaya zai ɗaga, masu aiki da sola. A kafa uku ko huɗu a zurfin mita 20 zuwa 30: gaban Legas, gaban Ilaje, gaban Brass, da gabashin Bonny. Na'urar ba ta cika mutuwa da kanta ba, igiyar ɗaurin ce ke tsinkewa. Dole a sa roba mai talewa a cikin ɗaurin don goran ya bi ruwa ba tare da fizga ba, maɗauran ƙarfe kuma su zama jinsi ɗaya, don ƙarfe iri biyu in suka haɗu a ruwan gishiri ɗaya na cin ɗaya. Halittu masu ɓawo kan manne su ƙara masa nauyi, sai a fito da shi a kankare duk wata 3 zuwa 6. Saboda haka kowane wuri gora biyu yake buƙata, ɗaya a ruwa ɗaya a ma'ajiya. Sauran haɗarin na mutane ne. Shirin PIRATA na Birazil da Faransa da Amurka, wanda ke da manyan goruna a tsakiyar Atilantika tun 1997, ya sha fama da jiragen kamun kifi, domin kifi na taruwa a ƙarƙashin duk abin da ke shawagi. A sanar da matuƙa inda goran yake, a sa masa ƙararrawar da za ta buga in ya bar wurinsa, a kuma zauna da shugabannin masunta tun kafin a jefa shi. Masuncin da ke samun labarin igiya a wayarsa daga wannan gora shi ne zai tsare shi.

Manhajojin hasashe ba su ne matsalar ba, kuma yawancinsu kyauta ne. WAVEWATCH III na Amurka da hasashen shirin Copernicus na Turai suna bin doguwar igiya tun daga mahaifarta. Sai dai suna kallon teku ne a gidaje kamar na dara, masu faɗin kilomita 8 ko fiye, ba su san akwai katangar mashigar Legas ko tudun yashin bakin Bonny ba. Aikinmu na gida shi ne a karɓi hasashensu a zurfin teku, a shigo da shi gaɓa da manhaja irin SWAN, a haɗa da ta lissafin tafki da koguna irin Delft3D. Kwamfutar ofis mai ƙarfi za ta iya wannan. Abin da ba za ta iya ba shi ne ƙirƙiro zurfin tekun da ba a auna ba. Taswirar zurfi ta duniya da ake saukewa kyauta, kowane gida nata kusan mita 450 ne, kuma kusa da gaɓa yawanci cike-giɓi ne. Taswirar tudun ƙasa ta tauraron ɗan'adam mai gidan mita 30 takan yi kuskuren mita da dama a tsayi, tana ɗaukar rufin gida da kan bishiya a matsayin ƙasa, a yankin da wurare da dama ba su fi mita 2 ko 3 sama da teku ba. Taswirar ambaliyar da aka zana a kan wannan, ado ce kawai. Ana buƙatar awon tsayin ƙasa da haske daga jirgin sama, mai kuskuren santimita 10 zuwa 15, aƙalla a Legas da Warri da Fatakwal da Bonny da Kalaba. Jirgin safiyo na sojin ruwa, NNS Lana, da ya iso a 2021, ya dace da ruwa mai zurfi da hanyoyin jirage. Daga zurfin mita 10 zuwa bakin rairayi, inda igiya ke karyewa, aikin ƙananan kwale-kwale ne masu na'urar amon sauti, kuma sai an maimaita bayan kowane babban aikin yashe ko cike.

Darasin yashi ma a gabanmu yake. Igiya na tura yashi daga yamma zuwa gabas a wannan gaɓa, ɗaruruwan dubban mita kubik a shekara. Da aka gina katangun dutse a mashigar Legas tsakanin 1908 da 1912, yashin ya taru a yamma, gaɓar Bar Beach da ke gabas ta rasa mai ciyar da ita, teku ya ci fiye da kilomita 1. Yau katangar sabon birnin Eko Atlantic ta tsare wancan wuri, amma ƙauyukan gabas da ita irin su Okun Alfa suna ta ja da baya. Duk abin da aka gina a cikin teku, na gabas da shi ne ke biyan bashin. Da tashar jiragen ruwa ta Lekki da matatar mai da titin Legas zuwa Kalaba duk a kan wannan gaɓa, ya kamata awon rairayi ya zama aikin kowane wata: layuka tsayayyu kowane mita 500 a wuraren da ke zaizaya, a auna su lokacin babbar janyewa. Da na'urar GPS ta safiyo ya fi, amma ko da sanduna biyu masu zane da igiya, ɗaliban jami'a biyu za su iya, suna saita ido da layin da sama ta haɗu da teku. Hotunan taurarin ɗan'adam na Landsat da Sentinel-2 za su cike tarihin baya, radar Sentinel-1 kuma ta nuna unguwannin da ke lotsawa, duk kyauta.

Kada dai a ce tauraron ɗan'adam ya wadatar. Masu auna tsayin teku daga sama, tun daga TOPEX/Poseidon a 1992 zuwa Sentinel-6, sai bayan kwana 10 suke dawowa wuri ɗaya, kuma awonsu na rikicewa in sun kusanci gaɓa. Ba za su ga cikar daren jiya ba.

Batun tsunami, wanda masu tallan kaya ke son farawa da shi, ba shi ne a sahun gaba ba. Gaɓarmu ba ta kan irin tsagar da ta haifar da bala'in 26 ga Disamba 2004 a tekun Indiya. Amma Akra ta yi girgizar ƙasa a 1939, dutsen Kamaru mai aman wuta yana raye, kuma katsewar wayoyin intanet na ƙarƙashin teku a gaban Kwaddibuwa cikin Maris 2024, wadda ta kawo cikas ga hada-hadar bankuna a Najeriya, an danganta ta da motsin ƙasa a gindin teku. Tashar da ke aika awo kowane minti ta riga ta yi wannan gadin ba tare da ƙarin sisi ba. Wani babban haɗari ga masu kwale-kwale shi ne iskar hadarin farkon damina da ta ƙarshenta, wadda ke tasowa daga gabas cikin ƙanƙanin lokaci. Ita sai radar yanayi a bakin teku, da gargaɗin awa ɗaya zuwa uku.

Yanzu kuɗi. Kayan awo a nahiyar nan ba rashin saye ke kashe su ba. Ana kafa su da tallafin waje, a yi bikin ƙaddamarwa, bayan shekara biyu ko uku batir ya mutu, kuɗin layin tauraro ya ƙare, wanda aka horar ya sauya wurin aiki, shi ke nan. Shawararmu ita ce kada a amince da sayen kowace na'ura sai an rubuta kashi 10 zuwa 15 cikin 100 na kuɗinta a matsayin kuɗin kulawa na kowace shekara, a layin kasafi mai zaman kansa, har shekara 10. A sayi kayan gyara tare da na'urar, don ba a fafe gora ranar tafiya. Kowace tasha ta samu mutum na wurin da ake biya ya leƙa ta duk mako, ya goge farantin sola, ya karanta sandar awo ya rubuta, da injiniyoyi biyu da za su zagayo duk wata uku. A auna ɗan kwangila da yawan kwanakin da bayani ya iso a shekara, kashi 90 cikin 100 ko fiye, ba da hoton ranar kafawa ba.

Bayanan kuma a sake su. A tura awon kowane minti zuwa dandalin sa ido na UNESCO da ke Ostend a Beljiyam, inda kowa ke ganin tashar da ke raye da wadda ta mutu. Wannan kaɗai kan sa a yi gyara da wuri. Kamfanonin mai sun daɗe suna auna igiya da iska a gaban Neja Delta don amfanin kansu, masu manyan gine-ginen gaɓa ma haka. A sa a cikin sharuɗɗan lasisi cewa kwafin wannan awo zai shiga rumbun ƙasa. Doguwar igiya ba ta san iyaka ba, wadda ta bugi Keta a Gana ita ce za ta bugi Kwatano da Badagiri, don haka musayar awo da Gana da Togo da Benin da Kamaru riba ce ga kowa.

Saura isar da gargaɗi, wanda Majalisar Ɗinkin Duniya ta sa wa'adin ƙarshen 2027 a ce ya kai ga kowa. A ɗora wa hukuma guda alhakin fitar da sanarwar gaɓa, sauran su riƙa ba ta nasu lissafin a tebur ɗaya kowace safiya. Ga kowane gari a tsayar da lambar haɗari daga abin da ya taɓa faruwa: tsayin ruwan da ke rufe titi, da wanda ke shiga gida, da wanda ke sa a tashi. Sanarwa ta fita hawa uku, ta kwana 5 don hukumomi su shirya, ta awa 48 don jama'a, ta awa 12 don tabbatarwa ko janyewa. Ta faɗi wuri da sa'a da abin yi: ruwa zai kai gwiwa a titi kaza tsakanin ƙarfe 4 da 7 na asuba, a ja kwale-kwale sama, a kwashe dabbobi. A aika ta ta hanyar da turken waya ke buga wa duk wayar da ke yankin lokaci guda, ba saƙon tes da ke bin layi ba, sannan ta rediyo da masallatai da majami'u, cikin Yarbanci da Egun da Ijo da Ibibiyo da Efik da Turancin buroka. A sa Hausa a ciki, a bi ta hannun sarakunan Hausawa da shugabannin kasuwa da ƙungiyoyin direbobi, saboda mai gadi da ɗan acaɓa da mai tura ruwa da ke kwana a rumfunan bakin ruwa su ne ba su tashi da sanin halin teku ba. Bangaladash ta yi asarar mutum aƙalla 300,000 a guguwar 1970, amma a guguwar Amphan ta 2020 waɗanda suka rasu a ƙasar ba su kai 100 ba, kuma babban abin da ya kawo wannan sauyi shi ne dubban 'yan sa kai masu lasifika da tutoci da ke bi gida-gida, da wuraren fakewa da aka gina tun kafin ranar.

A ƙarshen kowace damina, hukumar da ke fitar da sanarwar ta wallafa lissafinta a fili: sau nawa ta ce ruwa zai zo ya zo, sau nawa ta ce zai zo bai zo ba, sau nawa ya zo ba ta faɗa ba, da bambancin santimita tsakanin hasashe da abin da tashar ta auna. Da wannan lissafi ne za a gyara lambobin haɗari na shekara mai zuwa, kuma da shi Majalisa za ta san ko a ƙara kuɗin ko a tambayi inda na bara ya shiga.

Allah ya yi muku jagora. Wassalam.

Daga wasu masu aikin awon teku, safiyo da lissafin ambaliya.